Tsakanin Guba da Magani: Aikin Magungunan Sankara a Ƙwayoyin Halitta

A Hausa, kalmar "magani" ta ƙunshi abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa: akwai maganin zazzaɓi, akwai kuma maganin ɓera. Tarihin maganin sankara ya gaskata wannan faɗin ma'ana.

A shekarar 1917 sojojin Jamus suka fara amfani da iskar guba ta mastad a Beljiyam. Likitocin da suka binciki waɗanda ta shafa sun tarar ɓargonsu ya lalace, fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. A 1942, a Jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman suka sa aka gwada wani sinadari dangin wannan guba a kan mai sankarar kaluluwa. Ƙarin ya sace, ko da yake na ɗan lokaci ne.

Sinadarin yakan shiga ƙwayar halitta ya ɗaure zare biyu na gado da ake kira DNA. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, tilas zaren su warware a kwafe su. Idan suka ƙi warwarewa, sai ta mutu. Sai dai sinadarin bai bambance ƙwayar sankara da lafiyayya ba, duk mai saurin rabuwa yake kamawa. Shi ya sa gashi ke zubewa, hanji ya rikice, garkuwar jiki ta yi rauni.

Saboda haka likitoci kan ba da maganin zango-zango, da hutun makonni a tsakani, domin ɓargo ya farfaɗo. Majinyacin da ya tsorata da zubewar gashi ya daina zuwa asibiti, sankarar yake bai wa wannan hutu.