Darasin Turanci: Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

Yawancin ɗaliban da ke neman shiga jami'a sai sun zauna jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Turanci dole ne a kan kowa, ko likitanci zai karanta ko shari'a. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kalma mai ma'ana fiye da ɗaya.

A duba kalmar "board". Ɗalibin Rigasa ya san ta a aji, ma'anarta allo. Harafin B na ƙarshen JAMB ma ita ce, amma a nan hukuma take nufi. A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa kuwa, inda jirgin Abuja ya fara jigila a 2016, ma'anarta shiga jirgi.

Saboda haka haddar kalma tsurarta ba ta wadatarwa. Ɗalibi ya karanta jimla duka kafin ya zaɓi amsa. Ya kuma lura, makusanciyar ma'ana ake tambaya ko kishiya? Rashin 'yan maki kaɗan yakan jawo zaman gida na shekara guda.

Aiki: A nemo ma'ana bibbiyu ta "train", "bank" da "light". A sa kowace a jimla, a kai wa malami ya duba.