Darasi na Goma Sha Huɗu: Ruwa Ma Yana da Mai Shi

Karatu

Duk wanda ya taɓa zuwa Hains Point da asubar ranar Asabar ya ga mutane jere a bakin kogin Potomac, kowa da sandar fatsarsa da ɗan bokitinsa. Baƙo zai zaci ruwa na kowa ne, wanda ya ga dama ya jefa ƙugiya. Ba haka abin yake ba. A birnin Washinton, duk wanda ya kai shekara 16, bai kuma cika 65 ba, ba ya kamun kifi sai da lasisi daga hukumar makamashi da muhalli ta birnin. Kuɗin lasisin bai taka kara ya karya ba, amma wanda aka kama ba shi da shi, tara za a ci shi.

Wani abin mamaki shi ne, mutum yana iya tsayawa a ƙasar jihar Virginia, ƙugiyarsa kuma tana cikin ruwan Washinton. Asalin wannan yana cikin tarihi. A shekarar 1632 Sarkin Ingila ya ba da takardar kafa Maryland, ya haɗa mata da kogin ɗungurungum, har zuwa gaɓar da ke tsallake. Da Maryland ta ba da filin da aka gina babban birnin tarayya, sai rabonta na kogin a wannan yanki ya bi filin. Saboda haka mai fatsa a tsallaken kogi, daura da birnin, lasisin Washinton yake bukata. Jihohin biyu kuwa sun daɗe suna jayayya a kan sauran ruwan. Sun yi yarjejeniya a Mount Vernon a 1785, suka sake wata a 1958, wadda ta haifar da hukumar haɗin gwiwa mai kula da kamun kifi daga iyakar birnin zuwa bakin kogin.

Me ya kawo waɗannan dokoki? Dalili na farko shi ne kifi yana ƙarewa. A zamanin George Washington, bayinsa sukan ja taru a Mount Vernon su kama kifin da ake kira shad da yawan gaske. Daga baya yawan kamu da ƙazantar ruwa da madatsun da suka tare masa hanya suka kusan shafe shi, har aka hana ɗibarsa a Potomac a 1982. Yau masu fatsa sukan kama shi a Fletcher's Cove a watannin Afrilu da Mayu, amma dole su sake shi ya koma ruwa. Dalili na biyu shi ne lafiyar mai ci. Akwai gubar masana'antu kwance a laka, musamman a kogin Anacostia, tana taruwa a jikin kifi. Hukuma ta gargaɗi jama'a kada su ci wasu irin kifayen, alhali cikin masu fatsa a can akwai waɗanda ba wasa ya kai su ba, cefanen gida suke nema.

To, kada ɗalibi ya ɗauka cewa tsare ruwa da doka abin Turawa ne. A ƙasar Hausa, tun kafin zuwan takarda da hatimi, akwai Sarkin Ruwa. Shi ne shugaban masunta, shi ya san inda ake su da inda ba a yi, shi ke sasanta rigima idan komar wani ta shiga wurin wani. Baƙon masunci ba ya jefa birgi sai ya je ya gaishe shi, ya nemi izini. Wannan gaisuwa ita ce lasisinsa.

Misali mafi shahara yana Argungu, a jihar Kebbi. Akwai wani sashe na kogi da ake kira Matan Fada, wanda aka hana su a cikinsa duk tsawon shekara. Sai ranar biki ake buɗe shi, dubban masunta su ruga su faɗa ruwa, kowa da homarsa da gorarsa, ana neman wanda zai fito da kifi mafi girma, galibi giwan ruwa. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Masu kallo bikin suke gani, amma hanin da aka yi wata da watanni shi ne ya tara kifin.

Zamani ya zo da nasa sauyi. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wani katafaren tafki ya samu, ya miƙe har zuwa Yawuri. Tsohon garin Busa ya nutse, aka gina sabo. Masunta suka yi ta kwarara daga wurare daban-daban. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna, wadda ta haramta su da guba ko nakiya ko wutar lantarki. A shekarun 1990 kuma, wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya taimaka aka tsara bayar da lasisi a tafkin Kainji, aka kuma hana jan dala, wato taru mai ƙananan idanu, wanda ke kwashe kifi tun yana ƙarami.

Amma hana dala ba kamar hana mai fatsar nishaɗi ba ne. Wanda aka ce ya saki kifinsa a Fletcher's Cove, hoto zai ɗauka ya koma gida ya ci abinci. Wanda aka ƙwace wa taru a Yawuri kuwa, jarinsa ne ya tafi, ga iyali suna jira. Shi ya sa masu shirin suka jawo sarakunan gargajiya da shugabannin masunta cikin aikin, domin ma'aikacin gwamnati ba ya kwana a bakin ruwa, Sarkin Ruwa kuwa a nan gidansa yake. Hausawa suna cewa kifi na ganinka, mai jar koma. Haka masunta suke ganin doka: sun san wadda aka yi da su, sun kuma san wadda aka yi a kansu.

Ma'anar Kalmomi

- su: sana'ar kamun kifi. Mai yin ta shi ne masunci, jam'i masunta.
- fatsa: kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya.
- koma: raga ta kamun kifi.
- birgi: komar da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa.
- homa: komar hannu mai baki na itace.
- gaɓa: bakin kogi ko tafki.
- tara: kuɗin da ake biya saboda karya doka.
- bai taka kara ya karya ba: ba shi da yawa.

Nahawu: Harshen Doka

Doka ba ta ambaton sunan kowa, saboda haka takan yi amfani da wakilin suna "a". Ku lura da waɗannan:

1. Ba a kamun kifi sai da lasisi.
2. An hana jan dala.
3. Kada a zuba guba a ruwa.
4. Dole ne a saki ƙaramin kifi.

A jimla ta farko, "sai da" yana nuna sharaɗi: idan babu lasisi, babu kamu.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai fatsa a gaɓar Virginia yake iya bukatar lasisin Washinton?
2. Waɗanne dalilai biyu aka kawo na kafa dokokin kamun kifi?
3. Mene ne aikin Sarkin Ruwa?
4. Yaya hanin su a Matan Fada yake taimaka wa bikin Argungu?
5. Me ya sa hana dala ya fi hana ɗibar shad wuya?

Aikin Gida

Ku ɗauka an naɗa ku Sarkin Ruwa a wani tafki da kifinsa ya fara ƙarewa. Ku rubuta dokoki biyar da "ba a ... sai da", "an hana" da "kada a". Sa'an nan ku rubuta sakin layi ɗaya kuna amsa wa masuncin da ya ce muku: "Ranka ya daɗe, in na bar dala, me 'ya'yana za su ci?"