Kafin Ka Ɗauki Allura: Nasiha Kan Mikin Lishmaniya

 Ɗana, na ji daɗi da aka tura ka asibitin ƙauye, domin a can ne idon ma'aikacin lafiya yake buɗewa. Akwai ciwon da nake so ka sa a ranka, don tabbas za a kawo maka shi, galibi bayan an zaga da shi kemis da gidan wanzami. Likitoci na kiransa lishmaniyar fata. Magungunansa suna da yawa, kuma gwanintar ita ce sanin wanne ya dace da wane miki, a jikin wane mutum.

Ƙwayar cutar tana shiga jiki ne ta cizon macen wani ɗan ƙuda mai gashi-gashi, wanda bai kai sauro girma ba, ba ya kuka, kuma daga magariba zuwa asuba yake yawo. A Afirka ta Yamma, nau'in da aka fi samu shi ne Leishmania major, wanda ke zaune a jikin ɓerayen daji. Ciwon ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1911 aka rubuta bayaninsa a ƙasar Damagaram, an kuma same shi a Sakkwato, da Mokolo ta Kamaru, da Wagadugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa da shi a duniya duk shekara.

Makonni ko watanni bayan cizon, sai ɗan ƙurji ya fito a fuska, ko hannu, ko ƙafa. A hankali ya faɗaɗa, ya yi ɓawo, ya buɗe, gefensa ya ɗaga ya yi tauri kamar bakin tulu, tsakiyar ta lotsa. Yawanci ba ya zafi, sai in ya ɗauki ruwa. Uwar yaro za ta ce maka, "Malam, mun sha kafso, mun shafa mai, ya ƙi." To, a nan ka tsaya ka yi tunani. Gyambon Buruli, da tarin fuka na fata, da sankarar fata, duk suna iya kama da shi. Gani ya kori ji: ka tura a kankaro gefen mikin, a shafa a gilashi, a rina, a duba da na'urar ganin ƙwayoyin cuta.

Idan an tabbatar, maganin farko shi ne tsabta da haƙuri. Mikin da nau'in yankinmu ke kawowa yakan warke da kansa cikin 'yan watanni. In ƙarami ne, ɗaya ko biyu, ba a fuska ba, ba a kan gaɓa ba, kuma mai shi lafiyayye ne, wankewa da ruwa da sabulu da rufewa da bandeji mai tsabta na iya wadatarwa. Amma ka sa masa ranar dawowa, ka auna faɗin mikin, ka rubuta. Jiran da ba a sa masa ido sakaci ne.

In ya ƙi ja da baya, sai a yi maganin a kan mikin kansa. Mafi daɗewa shi ne antimoni, wanda wani likitan Brazil, Gaspar Vianna, ya fara gwadawa a 1912. Waɗanda suka biyo bayansa su ne Glucantime da Pentostam. Ana tsira ƙaramar allura a gefen mikin, a tura ruwan har fatar ta yi fari, a maimaita bayan kwana 3 zuwa 7. Allurar tana da zafi ƙwarai. Ka faɗa wa yaro gaskiya, kada ka ce masa ba zai ji komai ba. Inda akwai kayan aiki, ana daskarar da mikin da ruwan naitirojin, haɗa shi da allurar kuwa ya fi kowannensu shi kaɗai aiki. Akwai na'urar da ke ɗumama wurin zuwa digiri 50 na daƙiƙa 30, domin ƙwayar ba ta jure zafi. Akwai kuma man paromomaisin, da ake shafawa sau biyu a rana har kwana 20.

Maganin da ke zaga jiki duka, na masu miki da yawa ne, ko babba, ko wanda ya fito a fatar ido, leɓe, hanci ko kunne, ko mai raunin garkuwar jiki kamar mai ɗauke da ƙanjamau. A nan ne nake so ka fi taka-tsantsan. Allurar antimoni ta tsoka ko jijiya, miligiram 20 kan kowane kilo na nauyin mutum kullum har kwana 20, tana iya taɓa bugun zuciya, da hanta, da gaɓar da ke sarrafa suga (pankiriyas), ga ciwon gaɓɓai. Ba aikin shagon kemis ba ne, aikin asibitin da ke da gwajin jini da na zuciya ne, kuma ana kauce mata ga mai juna biyu. Miltefosin na haɗiya ne, kwana 28, yakan sa tashin zuciya da amai, amma babban haɗarinsa shi ne nakasa ɗan da ke ciki. Hukumar magunguna ta Amurka, da ta amince da shi a 2014, ta ce mace ta kauce wa ɗaukar ciki har wata 5 bayan gamawa. Fulukonazol, miligiram 200 kullum na mako 6, ya gaggauta warkewa a wani gwaji da aka yi a Saudiyya aka wallafa a 2002, sai dai a wasu wuraren bai yi abin kirki ba. Amfoterisin B, da ake sawa a ƙarin ruwa, ana ajiye shi don mai wuya, saboda tsadarsa da yadda yake wahalar da ƙoda.

Ka ga ke nan, tura mara lafiya gaba ba gazawa ba ce. Sanin iyakarka yana cikin aikin.

Ka kuma roƙi mutane da tattausan harshe su bar zuba ruwan batir ko ɗora ƙarfe mai zafi a kan mikin, domin ƙunar tana barin tabon da ya fi na ciwon muni. Man shafawa mai sitiroyid, irin da ake samu a man bilicin, ƙara wa ƙwayar ƙarfi yake yi. Kafso kuwa ba ya kashe ta, sai dai ya taimaka in mikin ya yi mugunya. Kada ka yi musu faɗa. Neman sauƙi ne ya kai su. Ka tunatar da su cewa har yanzu babu allurar rigakafinsa, don haka gidan sauro mai magani, da toshe tsagar bango, da share shara a gindin ɗaki, su ne kariya.

Abu na ƙarshe, ɗana, ka kula da zuciyar mai ciwon. Yarinya mai miki a kunci takan daina zuwa makaranta, ƙawaye su guje ta. Ka bayyana wa iyaye da malamai cewa ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko cin abinci tare. Ka kuma gaya musu cewa tabo zai iya saura ko da magani ya yi aiki, amma zuwa da wuri yana rage shi. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.