Kada Ka Ce Muryarka Ba Ta Isa Ba

A kasuwa da tasha da teburin mai shayi, magana ɗaya ake yawan ji: wai zaɓe ba ya canja komai, manya sun riga sun gama. Ba a banza ake faɗin haka ba. Ana sayen ƙuri'a da taliya da atamfa. Daga 2020 zuwa 2023 sojoji sun ƙwace mulki a Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar. A zaɓen shugaban Nijeriya na 2023, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma ko kashi 30 cikin ɗari ba su fita ba. To, kafin mutum ya yanke ƙauna, ya waiwayi 2006.

Abin da ya faru a 2006

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu, shekara huɗu-huɗu. Da wa'adin Olusegun Obasanjo na biyu ya doshi ƙarewa, sai magoya bayansa suka kai wa majalisa ƙudurin gyara domin ya zarce. Jam'iyyarsa ta PDP ce ke da rinjaye, gwamnoni da dama na bayan shirin, ana kuma ta zargin rabon kuɗi. Mutane da yawa suka ɗauka bakin alƙalami ya bushe.

Amma 'yan jarida da lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula suka ƙi yin shiru. Aka nuna muhawarar majalisar dattawa kai tsaye a talabijin, ƙarƙashin shugabanta Ken Nnamani. Kowane sanata ya tashi ya faɗi inda ya tsaya, mutanen mazaɓarsa suna kallo. Wanda ya san gobe zai koma gida ya haɗa ido da su, dole ya auna bakinsa. Ran 16 ga Mayu 2006 majalisar ta yi watsi da ƙudurin. Bayan shekara guda Obasanjo ya miƙa wa Umaru Musa 'Yar'aduwa mulki.

A Nijar labarin ya sha bamban. A 2009 shugaban ƙasar, Tandja Mamadou, ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki domin ya yi tazarce. Jama'a sun yi zanga-zanga a Yamai, amma babu sauran hukumar da za ta ɗauki kukansu. A Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. Wannan ya nuna muryar talaka tana aiki ne in majalisa da kotu suna tsaye, su kuma ba sa tsayawa sai jama'a sun sa musu ido.

Mene ne aikinka?

Na ɗaya, ka karɓi katin zaɓenka, ka tabbata matan gidanka da samari sun karɓi nasu.

Na biyu, in ka jefa ƙuri'a, ka tsaya a rumfa har a ƙirga a gabanka.

Na uku, ka san sunan kansilanka da 'yan majalisarka. Ku haɗu a unguwa ku tambaye su maganar asibiti da makaranta da rijiya. A Nijeriya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka ikon rubuta wa ofishin gwamnati, kuma ta ce a amsa cikin kwana bakwai.

Na huɗu, kada ka tura labari a WhatsApp sai ka tabbatar da shi, domin da jita-jita ake kunna wutar rikicin zaɓe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda, ku sa ranar da za ku fara zama.