Me Ya Sa Nas-nas da Ungozomomi Ba Sa Isa a Asibitocin Gwamnati?

Wata mai sauraro daga garin Azare a jihar Bauchi ta aiko da tambaya tana cewa: makarantun jinya suna yaye ɗalibai kowace shekara, to me ya sa har yanzu nas-nas da ungozomomi ba sa isa a asibitocin gwamnati?

Amsar tana cikin lissafin shiga da fita. Al'ummar Najeriya ta haura miliyan 200, kuma haihuwa ta fi yawa a Arewa, don haka buƙatar ungozoma kullum ƙaruwa take yi. A ɗaya ɓangaren, ƙa'idar da aka saba bi a aikin gwamnati ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Inda jiha ta daɗe ba ta ɗauki sababbi ba, tsofaffin sukan tafi kusan lokaci guda, su bar asibiti babu ƙwararrun da za su koya wa na baya. Wasu kuma suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya neman albashi mai tsoka.

Akwai kuma matsalar rabo: ma'aikatan sun taru a birane, karkara ta zama marainiya. Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro shirin tura ungozomomi ƙauyuka a 2009, har da waɗanda suka yi ritaya.

Horar da nas yakan ɗauki aƙalla shekara 3. Jihar da ke son ungozomomi su wadata dole ta san adadin masu shirin ritaya tun yanzu, ta kuma horar da 'yan matan karkara da za su koma su yi wa garuruwansu aiki.