Amsoshin Tambayoyinku: Tsadar Ciwon Baya Mai Daɗewa

Wani mai sauraro ya tambayi dalilin da ya sa ɗawainiyar ciwon baya mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata uku, take ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, domin jama'a suna ƙaruwa, tsofaffi suna yawaita, gaɓoɓin kashin baya kuwa suna zaizayewa da shekaru. A Amurka kaɗai, jinyar baya da wuya ta lashe kimanin dala biliyan 134 a 2016. Abin takaici, kuɗi da yawa suna tafiya ga hoto da tiyata, alhali hukumar ta fi ƙarfafa motsa jiki.