Ɗana, Tambari Ba Ya Son Gaggawa

 Na ji ka shiga sahun masu fentin 'yan sojojin roba na wasan yaƙi a kan tebur. Na kuma ji sitikar ruwa, wato tambarin da ake ɗora musu a kafaɗa, tana ba ka wahala. Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne. Wasan Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, sojojinsa na Space Marine suna da sulken kafaɗa mai doro. Wannan 'yar kafaɗa ta gwada haƙurin manya ma, balle kai da ka fara jiya.

Ka fara sanin inda matsalar take. Ana buga tambarin ne a kan siririyar leda miƙaƙƙiya, an manna ta da takarda da gam mai narkewa a ruwa. A kan bakin bindigar tanka ba ta gardama, domin lanƙwasar ta gefe ɗaya ce, naɗewa kawai za ta yi. Kafaɗa kuwa ta lanƙwashe hagu da dama, sama da ƙasa. Tsakiyar tambarin zai zauna, gefensa ya rasa wurin zama, sai ya tattare. Ba laifin hannunka ba ne. Haka abin yake, kuma yana da magani.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka taɓa ruwa, shafa wa wurin banish mai sheƙi, ka bar shi ya bushe sarai. Fenti marar sheƙi yana da kaushi da ido ba ya gani. Idan ka ɗora leda a kansa, iska za ta maƙale a cikin 'yan ramukan, sai ka ga wani fari-fari yana ƙyalli a kewayen tambarin. Wanda ya tsallake wannan mataki don ya rage rabin sa'a, zai zauna yana kallon aibin duk ranar da ya fito da rundunarsa.

Sai yanka. Samu sabuwar reza, ka bi gefen zanen kusa-kusa, ka rage ledar da babu komai a kanta. Duk abin da ka rage, ka rage wa kanka tattara. Idan tambarin yana da faɗi, yi masa 'yan tsaga biyu ko uku daga gefe zuwa ciki, a inda babu zane. Tsagar ita ce za ta ba gefen damar hawa kan juna ya kwanta. A hankali da rezar, ɗana, yatsanka ya fi kowane soja daraja.

Ka tsoma tambarin cikin ruwan ɗumi kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, ka ciro da ɗan hantsaki, ka ajiye a kan jiƙaƙƙiyar takarda har ya fara zamewa da kansa. Kada ka ja shi da ƙarfi, zai yage. Kada kuma ka mance shi a ruwa, gam ɗin zai wanke ya bar ka da leda marar riƙo.

Akwai ruwan magani iri biyu da kamfanin Microscale na Amurka yake yi. Micro Set, mai shuɗin rubutu, wanda yake warin ruwan khal, shi ake shafawa a ƙasa don tambari ya kama. Micro Sol, mai jan rubutu, shi ake shafawa a sama don ledar ta yi laushi. Mutanen Japan ma suna da nasu, Mr. Mark Setter da Mr. Mark Softer. Shafa na farkon, wato na ƙasa, ka zamo da tambarin daga takarda zuwa kafaɗa da jiƙaƙƙen burushi. Daidaita shi tun yana da danshi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya zauna inda kake so, ɗauki tsinken auduga ka mirgina daga tsakiya zuwa gefe, ruwa da iska su fita. Mirginawa na ce, ba gogewa ba.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Da ka shafa mai laushin, tambarin zai yamutse, ya yi muni fiye da da. Zuciyarka za ta ce maka ya lalace, maza gyara. Kada ka saurare ta. A wannan lokaci ledar ta kusa narkewa, ko gashin burushi ɗaya yana iya keta ta. Garin gyaran gira a nan ake rasa ido. Ka ga ƙannenka mata idan an zana musu lalle, yadda suke ɗaga hannu su zauna shiru har ya kama? Haka za ka yi. Ajiye sojan inda ƙura ba za ta sauka masa ba, ka tashi ka yi wata hidima. Tambarin yana bushewa yana miƙewa da kansa.

Idan ya bushe ka tarar da sauran tattara, sake shafawa, ka sake jira. Kafaɗa mai doro takan nemi shafi biyu ko uku, wani lokaci fiye. In ka ga kumburin iska, huda shi da bakin allura, ka ɗiga maganin a kai. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Bari ya kwana. Washegari ka rufe shi da banish mai sheƙi, wanda zai ɓoye bakin ledar, sannan ka bi da marar sheƙi don kafaɗar ta yi daidai da sauran jiki. Wannan rufi shi ne zai kare aikinka daga yatsun da za su riƙa ɗaukar sojan a wurin wasa. In kana so ya yi kama da wanda ya sha yaƙi, dangwala ɗan fentin sulken da guntun soso a kan tambarin, kaɗan kawai.

Takardar sitika yawanci tana zuwa da rara. Gwada hannunka a kan kafaɗar da ba ka buƙata kafin ka nufi kwamandan rundunarka. Kuma ka riƙa yin soja biyar ko goma a zama ɗaya, domin kafin ka gama na ƙarshe, na farko ya sha iska, hannunka bai samu damar yi masa katsalandan ba. Ka riƙe wannan, ɗana: gyara wurin tun farko, in ya yamutse ka janye hannunka. Allah ya ba ka haƙuri, ya sa albarka a aikin hannunka.